Yadda Ake Tantance Ƙaramin Tauraro a Labarin Almara Kafin a Rubuta Komai a Kansa

Babban tauraro ba ya ba mai nazari wahala. Wanda marubuci ya bi shi tun daga babin farko har na ƙarshe, ka san ubansa, ka san ƙasarsu, ka san inda ya ƙare. Wahalar tana wurin wanda aka ambata sau ɗaya ko sau biyu aka wuce: wani sarki da aka ƙera wa rundunarsa māsu, wani kwamanda da ya tura mayaƙa fagen fama, wani da ya tanka wa mawaƙi a zauren baƙi. Irin waɗannan su aka fi ɗora wa abin da ba nasu ba. Inda littafi ya yi shiru, mutane sukan cike gurbin da abin da suka gani a fim, ko abin da suka tarar a wani wasa, ko an ce da an ce. In maganar ta daɗe tana yawo sai ta zama kamar gaskiya, har ka ga an yi maka rantsuwa cewa a littafin aka karanta.

Ni abin da nake bi guda ne: kowace magana da zan faɗa a kan tauraro sai na iya ɗora yatsa a kan inda ta fito, sannan in faɗi ko wane irin wuri ne wannan. Zan ɗauko yawancin misalaina daga ayyukan J. R. R. Tolkien, marubucin nan na Ingila da ya rasu a 1973, saboda an buga littattafansa, an buga wasiƙunsa, an kuma buga daftarorinsa, don haka kowace irin matsala da za ka ci karo da ita tana nan a fili. Hanyar kuwa tana aiki a kan kowane marubuci.

Fara da tsinka maganar gida-gida

Kafin ka buɗe littafi, rubuta abin da ake faɗa a kan tauraron, ka tsinka shi ƙanana. Misali an ce maka: "Gothmog wani ɗan jinsin Orc ne mai karkatacciyar fuska, wanda ya jagoranci rundunar Mordor a yaƙin Pelennor, aka kashe shi a can." Orc wasu miyagun halittu ne a labarin Tolkien, Mordor kuma ƙasar maƙiya. A kunne magana ɗaya ce, amma iƙirari biyar ne a ciki: sunansa, jinsinsa, kamanninsa, muƙaminsa, da mutuwarsa. Kowanne yana buƙatar hujjarsa daban. Abin da ke ruɗar mutane shi ne, in suka tabbatar da ɗaya, watau suka ga sunan a littafi, sai su saki jiki su ɗauka sauran huɗun ma sun tabbata.

Daga nan sai neman duk inda sunan ya fito. Fara da fihirisa idan littafin yana da ita. Bugun farko na The Lord of the Rings, na 1954 da 1955, ba shi da fihirisa, sai a bugu na biyu a tsakiyar shekarun 1960 aka sa ta. The Silmarillion kuwa ya fito a 1977 da jerin sunaye a bayansa. Idan kana da kwafin littafin a kwamfuta ko waya, yi amfani da wurin bincike, amma ka kula da sunaye masu 'yan alamomi a kan wasali, irin su Khamûl, domin wata manhajar ba za ta nuna maka shi ba in ka rubuta ba tare da alamar ba. Gwada da ita, ka gwada babu ita. Kada ka manta da rataye, da jadawalin zuri'a, da jerin shekaru da ke bayan littafi, domin ƙananan taurari da yawa a can kaɗai suke zaune. Duk inda ka ga sunan, karanta shafin da ya gabace shi da wanda ya biyo baya. Jimla ɗaya da aka cizgo daga mahallinta tana iya kai ka daji.

Yanzu mu koma kan Gothmog mu duba shi da kyau. A cikin labarin The Lord of the Rings gaba ɗaya, sau ɗaya tak aka kira sunansa, a Littafi na 5 (labarin ya kasu littafi shida), babi na 6, babin yaƙin filayen Pelennor. Abin da wurin ya ce shi ne, bayan an hallaka shugaban Nazgûl, wato wasu miyagun mahaya tara, Gothmog, laftanan na Morgul (birnin Nazgûl ɗin), ya tura rundunonin da aka tara suna jira cikin faɗan. Shi ke nan. Ba a ce mutum ne ba, ba a ce Orc ne ba, ba a ce yana cikin mahayan nan tara ba. Ba a siffanta fuskarsa ba. Ba a faɗi ko ya mutu ko ya tsira ba. To daga cikin iƙirari biyar ɗin nan, suna ya tabbata, muƙami ya tabbata amma da gyara, tunda littafin bai ce shi ya jagoranci rundunar tun daga farko ba. Sauran ukun babu su a matanin. Siffar Orc mai nakasasshiyar fuska daga fim ɗin Peter Jackson na 2003 ta fito. Masu sharhi kuma sun daɗe suna hasashe, wasu su ce ɗaya ne daga cikin Nazgûl, wasu su ce mutum ne. Duk hasashe ne, kuma ba laifi ba ne mutum ya yi hasashe muddin ya kira shi da sunansa.

Abin da za ka rubuta a gurbin jinsi shi ne: "matanin bai fayyace ba." Na san hannu yakan yi ƙaiƙayi a nan, gurbin da babu komai yana damun mai son kammala aiki. Ka daure. Shirun marubuci shi ma sakamakon bincike ne, kuma mai karatunka yana da haƙƙin ya san cewa an yi shirun. Masu karanta Harry Potter sun ga haka da Blaise Zabini: an kira sunan a littafin farko na 1997 ba tare da an nuna namiji ne ko mace ba, mutane suka yi ta rubuta abin da suka ga dama, sai a littafi na shida a 2005 labarin ya fito da shi a matsayin saurayi. Wanda ya rubuta "ba a fayyace ba" a tsakanin waɗannan shekaru shi ne bai yi kuskure ba.

Takwara

A nan aka fi yin tuntuɓe, don haka zan ɗan daɗe. Kama da wane ba ta wane, kuma suna ɗaya ba ya mai da mutum biyu su zama ɗaya. Akwai wani Gothmog a The Silmarillion, shugaban dodannin wuta da ake kira Balrog, wanda Ecthelion ya kashe ranar da birnin Gondolin ya faɗi, a Zamani na Farko na tarihin duniyar labarin. Yaƙin Pelennor kuwa a shekara ta 3019 ta Zamani na Uku aka yi shi. Zamani na Biyu kaɗai ya ɗauki shekara 3441. In ka haɗa, tsakanin su biyun ya haura shekara 6,400, ga shi kuma na farkon an ba da labarin mutuwarsa. Babu wani wuri da marubucin ya haɗa su. Saboda haka mutum biyu ne, kowa da shafinsa.

Tolkien ya maimaita sunaye da yawa, kuma a cikin labarin akwai dalili, tunda mutanen masarautar Gondor suna raɗa wa 'ya'yansu sunayen jaruman da. Akwai Denethor biyu a cikin masu riƙon sarautar Gondor, ga kuma wani Denethor ɗan jinsin Elf (wasu halittu masu kama da mutane da tsufa ba ya kashe su) tun a Zamani na Farko. Akwai Mablung na Doriath, akwai Mablung da ke cikin mutanen Faramir a Ithilien. Akwai Haldir na Lórien, akwai Haldir ɗan'adam a tsohon zamani. Har Legolas yana da takwara a tsohon labarin faɗuwar Gondolin da aka buga a 1984 cikin juzu'i na biyu na The Book of Lost Tales. Idan ka ci karo da suna a wuri biyu, tambayoyi huɗu nake yi: wane zamani ne, wace ƙasa ce, wane jinsi ne, su wane ne danginsa ko ubangidansa. In ɗaya daga ciki ya saɓa, raba su har sai wata hujja ta zo ta haɗa.

Amma kada ka mai da rabawar ta zama doka, domin ga Glorfindel. A The Silmarillion, Glorfindel na Gondolin ya mutu yana faɗa da Balrog a kan dutse don masu gudun hijira su tsira. A The Lord of the Rings, Littafi na 1, babi na 12, ga wani Glorfindel ya zo a kan farin doki ya taimaki Frodo, babban tauraron labarin, a hanyar Rivendell. Da ma'aunin da muka yi wa Gothmog, sai ka ce mutum biyu ne: zamani daban, kuma na farko ya mutu. Shekaru da yawa masu karatu suna ja-in-ja a kan haka. Sai a 1996 Christopher Tolkien, ɗan marubucin, ya buga The Peoples of Middle-earth, juzu'i na 12 kuma na ƙarshe a jerin The History of Middle-earth, a ciki akwai rubuce-rubucen da mahaifinsa ya yi dab da ƙarshen rayuwarsa. A nan Tolkien ya yanke cewa Glorfindel ɗaya ne: ya mutu, aka mayar masa da jiki kamar yadda ake yi wa jinsin Elf a wannan duniyar tasa, ya dawo.

To me za ka rubuta? Ba za ka ce The Lord of the Rings ya ce mutum ɗaya ne ba, domin bai ce ba. Za ka ce littafin da aka buga marubucin yana raye bai haɗa su ba, amma a rubutunsa na ƙarshe da aka buga bayan rasuwarsa ya bayyana cewa ɗaya ne. Jimla biyu ke nan, kowace da madogararta. Abin da ya bambanta Glorfindel da Gothmog shi ne an sami takarda daga hannun mai labarin. Yawan masu goyon bayan wani ra'ayi ba ya cikin lissafi.

Madogara hawa-hawa ce

Ba duk abin da ke ɗauke da sunan marubuci ne nauyinsa ɗaya ba. Ni ga yadda nake jera su. A sama akwai abin da ya buga da kansa yana raye, ya ga gyaransa, ya amince ya fita. Ƙasa da shi akwai wasiƙunsa da bayanan da ya yi wa masu tambaya, irin waɗanda Humphrey Carpenter ya tattara aka buga a 1981. Sai abin da wani ya tace ya haɗa bayan rasuwarsa. Sai daftarorin da ya rubuta ya ajiye ko ya soke. Daga nan sai littattafan masana da kundayen jagora. Fim da wasanni suna wani gida daban, za mu zo kansu.

Jerin ba ya nufin na ƙasa ba shi da amfani. Yana nufin dole ka gaya wa mai karatu daga wane hawa ka ɗebo. Dubi Gil-galad, sarkin Elf. The Silmarillion na 1977 ya ce ɗan Fingon ne, kuma haka dubban mutane suka haddace. Daga baya Christopher da kansa ya bayyana a juzu'in 1996 cewa wannan wani ra'ayi ne da mahaifinsa ya taɓa yi na ɗan lokaci, shi ne ya zaɓe shi lokacin da yake haɗa littafin, kuma matsayar mahaifin ta ƙarshe ita ce Gil-galad ɗan Orodreth ne. Ina girmama Christopher matuƙa saboda wannan, domin da bai baje takardun a gaban jama'a ba, babu yadda za a yi mai karatu ya san inda hannun edita ya shiga. Darasin aiki a nan shi ne: idan littafi ya fito bayan rasuwar marubuci, nemi sunan wanda ya tace shi, ka karanta gabatarwarsa da bayanansa na ƙasan shafi. Sau da yawa amsar da kake nema tana cikin ƙananan haruffan da kowa ke tsallakewa.

Wani lokaci marubucin ne ya saɓa wa kansa. Masihirta biyar ne suka zo Middle-earth, ƙasar da labarin ya gudana a cikinta, uku an san su sosai, biyu kuwa, masu shuɗin kaya, ba a faɗi sunansu a The Lord of the Rings ba. Unfinished Tales na 1980 ya kawo sunayen Alatar da Pallando. Rubutun ƙarshe da ke juzu'in 1996 ya kawo Morinehtar da Rómestámo, har da wani lokacin zuwa daban da wani sakamako daban. A wasiƙa mai lamba 211, ta 1958, Tolkien ya nuna yana jin sun gaza a aikinsu, a rubutun ƙarshen kuma ya ba su rawa babba wajen raunana maƙiyi a gabas. Kada ka ɗauki ɗaya ka binne ɗaya, kada kuma ka dama su wuri guda ka fito da labarin da marubucin bai taɓa rubutawa ba. Jera su bisa shekarun da aka rubuta su, ka bar saɓanin a fili.

Daftari kuwa yana da nasa tarkon. A babi na 12 na The Hobbit an ambaci wani Sarki Bladorthin, wanda wadanni suka ƙera wa rundunarsa māsu, ba a kai masa ba, ba a kuma biya ba, kuma ya daɗe da mutuwa. Iyakar abin da aka sani ke nan, ba a faɗi ƙasarsa ko jinsinsa ba. Amma a daftarin farko na littafin, wanda John Rateliff ya buga da sharhi a 2007, Bladorthin shi ne sunan masihircin da daga baya ya zama Gandalf, Gandalf kuma a lokacin sunan shugaban wadannin ne. Wanda bai kula ba zai iya cewa ashe sarkin nan Gandalf ne. Sam ba haka ba ne. Suna ne ya tashi daga kan wani ya sauka kan wani yayin da labari ke nuna a hannun mai shi. Wannan tarihin rubutu ne, wurinsa wani sashe daban a bayaninka, ba cikin tarihin rayuwar tauraron ba.

Fim da wasa

Ba ni da faɗa da fina-finai, da yawa daga cikinmu ta nan muka shigo. Amma fim aiki ne mai zaman kansa, kuma ƙananan taurari su ne masu shirya fim suka fi juyawa yadda suke so. Aikin da Glorfindel ya yi a littafi, a fim ɗin zane na Ralph Bakshi na 1978 Legolas aka ba, a fim ɗin 2001 kuma Arwen. Haldir ya mutu a yaƙin Helm's Deep a fim ɗin 2002, a littafi ko wurin bai je ba. Lurtz da Tauriel babu su a rubutun Tolkien ko kaɗan. A shirin talbijin da aka yi daga littattafan George R. R. Martin ma, Asha Greyjoy ta koma Yara, matar Robb Stark kuma ta tashi daga Jeyne Westerling ta koma wata Talisa.

Lindir misali ne mai kyau na yadda abubuwa ke cakuɗewa. A littafi, ɗan jinsin Elf ne a Rivendell, a Littafi na 2, babi na 1, ya saurari waƙar Bilbo, suka yi 'yar musayar magana a kan ko zai iya bambance baitocin Bilbo da na Aragorn. Daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. A fim ɗin 2001 wani ɗan wasa, Bret McKenzie, ya zauna a majalisar Elrond, shugaban Rivendell, bai ce uffan ba, masu kallo suka laƙaba masa suna Figwit. A fim ɗin 2012 shi wannan ɗan wasan ya fito a matsayin Lindir, hadimin Elrond. Yanzu za ka ji ana cewa Lindir ya halarci majalisar Elrond, ko kuma shi ne hadiminsa. Littafin bai faɗi ko ɗaya ba. Fuskar ɗan wasa ce ta ɗinke abubuwa uku da ba su da alaƙa a kan takarda.

Wasanni sun fi fim ɓoye sawu, saboda sukan zo da littattafan bayani masu kama da na tarihi. Za ka tarar da jerin sunayen Nazgûl tara cif, kowa da ƙasarsa da tarihinsa. A rubutun Tolkien guda ɗaya ne ke da suna na kansa, Khamûl, shi ma a Unfinished Tales ne, inda aka nuna shi ne mahayin da ya yi magana da mahaifin Sam, abokin Frodo, a Hobbiton. Sauran sunayen, irin su Akhorahil da Adûnaphel, kamfanin Iron Crown Enterprises ne ya ƙirƙira don wasansa da ya fara fitowa a shekarun 1980. In za ka ambace su, buɗe musu sashe mai taken abin da wasa ya ƙara, ka sa sunan wasan.

Bin sawun magana

Idan aka kawo maka wani bayani da ba ka gani a matani ba, kada ka yi saurin ƙaryatawa, wata ƙila yana wani lungu da ba ka leƙa ba. Sarauniya Berúthiel da kyanwoyinta, alal misali, Aragorn ya ambace su sau ɗaya a cikin duhun Moria, amma labarinta yana cikin wani bayanin ƙarshen babi a Unfinished Tales. Abin yi shi ne ka bi sawu. Wa ya faɗa? Shi kuma ina ya samo? Ka yi ta komawa baya har ka dangana da matani, ko kuma sawun ya ɓace. Ka lura da wani abu: wurare goma da suka faɗi magana ɗaya da kalmomi iri ɗaya, shaida ɗaya ce aka kwafa sau goma. Wani lokaci ma za ka ga na farko ya dogara da na biyu, na biyu ya dogara da na uku, na ukun ya juyo ya dogara da na farko. In ka ga haka, maganar ba ta da tushe, ajiye ta.

Kundayen jagora suna taimakawa wajen nuna maka inda za ka duba, amma dubi shekarar da aka buga su. Jagoran Robert Foster na 1978 aiki ne na ƙwarai, sai dai ya riga Unfinished Tales da wasiƙun da dukan juzu'ai 12 ɗin fitowa, don haka ba zai san abin da ke cikinsu ba. Haka manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke amsa tambaya: suna iya ba ka babi da shafi da cikakken ƙarfin gwiwa alhali babu abin a wurin. Duk abin da suka ba ka, buɗe littafin ka gani da idonka.

Rubuta madogarar

Ko tsarin rubuta madogara na Chicago aka ce ka bi, ko na MLA, ko wani, abubuwan da ake nema kusan ɗaya ne: marubuci, sunan littafi, edita idan akwai, maɗaba'a, shekarar bugu, da wurin da maganar take. Bambancinsu a jeri ne da alamomin rubutu. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kansa daga farko har ƙarshe. Amfanin madogara shi ne wani da bai san ka ba ya ɗauki littafinsa ya isa daidai inda ka tsaya cikin minti biyu. In ba zai iya ba, madogarar ba ta yi aikinta ba, ko da ta yi kyau a ido.

Shi ya sa lambar shafi kaɗai ba ta isa a irin waɗannan littattafai. An buga su sau ba adadi, wani a juzu'i uku, wani a dunƙule, kowanne da shafukansa. Sa lambar littafi da ta babi, su ba sa canzawa, sannan ka ƙara shafin bugun da ke hannunka. Ga Gothmog, wanda ke juzu'i na uku na The Lord of the Rings, sai ka rubuta: Tolkien, The Return of the King, Littafi na 5, babi na 6, sannan maɗaba'a da shekarar kwafinka da shafi. Wasiƙu da lambarsu ake kiran su, tare da shekara da wanda aka aika wa. Rataye da harafinsa, daga A zuwa F. Abin da ya fito daga juzu'an Christopher kuwa, nuna ko maganar uban ce ko sharhin ɗan, domin a shafi ɗaya suke zaune, kuma jingina wa uba maganar ɗa kuskure ne da ake yawan yi. Fim ma ana kafa hujja da shi a kan abin da ya shafi fim: suna, darakta, shekara, da ko wanda aka nuna a silima ne ko mai ƙarin tsawo, tunda wasu fitowar a ɗaya kawai suke.

Faɗin bugu ba ƙa'ida ce ta ado ba, domin matanin kansa yana canzawa. Babi na 5 na The Hobbit, inda Bilbo ya gamu da Gollum, an sake shi sosai a bugun 1951, ya bambanta da na 1937. Ga ƙananan taurari abin ya fi tsanani. Estella Bolger, matar Merry, ta shiga jadawalin zuri'a ne a wani bugun Amurka mai bangon takarda a 1966, wasu bugunan kuma suka yi shekaru babu ita. Mutum biyu za su iya yin musu a kanta, kowa da littafi a buɗe a gabansa, kuma kowa yana da gaskiya a kan abin da yake gani. Idan kana da zaɓi, yi aiki da bugun da aka tace da kulawa, irin wanda Wayne Hammond da Christina Scull suka shirya a 2004 don cikar littafin shekara 50. Idan fassara kake karantawa, faɗi sunan mai fassarar, kuma kada ka yanke hukunci a kan jinsi ko dangantakar tauraro sai ka duba asalin.

Sai kalmomin da kake haɗa jimla da su. "Matanin ya ce" na abin da ka gani ƙuru-ƙuru ne. "Marubucin ya bayyana a wasiƙa" na wasiƙa ne. "A wani daftari" na daftari ne. "Wane ya yi hasashen cewa" na masani ne, da sunansa da littafinsa. In kai ne ka haɗa biyu da biyu, ce "ana iya fahimtar cewa", ka kuma nuna wuraren da ka haɗa don mai karatu ya auna da kansa. "An ce" da "kowa ya sani" ba su da wuri a wannan aiki. Idan kundi kake rubuta wa wanda ƙa'idarsa ta hana mutum shigar da nasa nazarin, to ko fahimtar taka ba za ta shiga ba sai wani masani ya riga ya buga ta.

Ga yadda bayanin Gothmog zai fito bayan an gama tankaɗe da rairaya. Gothmog laftanan ne na Morgul a Zamani na Uku. An ambace shi sau ɗaya, a Littafi na 5, babi na 6, inda ya tura rundunonin da ke jira cikin yaƙin Pelennor bayan hallakar shugaban Nazgûl. Matanin bai faɗi jinsinsa, kamanninsa ko makomarsa ba. Ba shi ne Gothmog shugaban Balrog na The Silmarillion ba. Fim ɗin 2003 ya nuna shi a matsayin Orc. Jimla biyar, kowace da inda za a je a duba ta. In ka ga bayanin ya yi maka gajarta, kafin ka miƙa shi ba wani wanda bai san labarin ba, ka haɗa masa da littafin, ka ce ya nemo kowace jimla. Wadda ya kasa samowa, ko dai ka gyara madogararta ko ka cire ta.